Frikkie da Hanji Mita Arba'in

In ka tambaye ni abin da ɗan Afirka ta Kudu ya fi kewa a Nairobi, ba zan ce maka uwarsa ba. Uwa ana kiran ta a waya. Wors ne, sosej ɗinmu na gida: a niƙa naman sa da kitsen rago, a zuba kayan ƙamshi, a ɗura a hanji, a naɗe shi kamar gammo a ɗora kan garwashi. Babu kantin da ban shiga nemansa ba a garin nan. Na sayi wani ja mai santsi da ake sawa cikin dogon burodi, na gatsa, na rasa nama na ci ko soso. Na sayi wani a unguwar Westlands da aka rantse min Bajamushe ne ya haɗa, ashe rabinsa gari ne. Na ci na masu turin kura a bakin titi, wanda ake tsagawa a cusa tumatir da albasa. Ba laifi in yunwa ta kama ka, amma kada ka kira shi da sunan da ba nasa ba. Sunana Galiema Abrahams, 'yar Cape Town ce ni, malamar makaranta, kuma ban iya ganin shirme in yi shiru ba.

Mu 'yan gida da ke zaune a nan, mun kai sittin har da yara, muna haɗuwa duk ashirin da huɗu ga Satumba a lambun gidan Baba Zwane mu yi gashi. Baba Zwane injiniya ne, dattijon Bazulu mara yawan magana, kuma shi ne mai awartakin juya nama. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya juya ko fiffiken kaza a wutar nan sai shi. A wurinmu mai awartaki ne ke cewa garwashi ya yi, shi ke cewa nama ya nuna, sauran maza kuwa su kewaye shi da kwalabe a hannu suna ba shi shawarar da ba zai ɗauka ba. A shekarar da nake ba ku labari zai yi ritaya ya koma gida, kowa kuma ya san a ranar gashin zai miƙa awartakin ga wani. Maza har sun fara gaishe shi da hannu biyu.

Sai ga matsala. Wors ɗin taron kullum a akwatin matafiyi yake zuwa, daga wani mahauci Musulmi a Johannesburg, saboda irinmu Musulmin cikin taron. Wannan karon a filin jirgi aka buɗe akwatin, aka nemi takarda, babu, aka karɓe shi kaf. Saura kwana takwas. Muka taru ranar Asabar a barandar Baba Zwane kamar masu zaman makoki.

Nan Frikkie Swanepoel ya miƙe. Dillalin injin ban-ruwa ne, yana sayar wa masu gonakin furanni. Ƙato ne, kullum cikin gajeren wando da doguwar safa, in yana magana sai ka ɗauka da wanda ke ƙetaren titi yake. Watansa takwas kacal a garin, amma ya riga ya fi 'yan Kenya sanin Kenya.

Ya ce, "Kuka kuke yi a kan akwati guda? Ni zan yi muku wors. Mita arba'in, igiya ɗaya, ba yanka ba ƙulli."

Wani ya ce, "Da mita ake auna wors yanzu?"

"Nawa da mita ake aunawa. Ni jikan mahauci ne. Tun ina goye ƙamshin nan ke hancina."

Matarsa Ansie, wata doguwa mai shiru-shiru, ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan kofin shayinta.

Baba Zwane ya ce, "Ka taɓa yi?"

"Baba, a jini yake."

"Ba jini na tambaye ka ba. Hannu."

Aka yi dariya, Frikkie ya fi kowa yi. Dattijon ya ce, "To. In ka kawo wors ranar Lahadi ta sama, kai za ka gasa abinka. Ni ba na gasa wors ɗin wani." Kowa ya gane karatun. Ba a gashi da yatsu. Wanda ya kawo wors, shi zai karɓi awartaki.

Na ce masa ya sayi naman a wurin Mzee Athumani, mahaucin unguwar South C, yankan Musulmi, ya ce ba damuwa. Na ce in yana son hannu a wajen kayan ƙamshi, ga ni, tun ina yarinya nake daka wa mahaifiyata. Ya dafa kafaɗata da wannan hannun nasa kamar faranti.

"Anti Galiema, ke dai ki kawo salak."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma a haraba ɗaya muke a Kileleshwa, shingen shuka ne kawai tsakanin gidana da nasa, don haka na san ba sai na sayi tikiti ba.

Sirrin wors abu ɗaya ne: 'ya'yan wata shuka da mu 'yan Cape ke kira koljana, ƙanana kamar ƙwayar dawa. A busasshen kasko ake soya su har su yi duhu, sannan a daka. Ganyen shukar kuma sunansa dhania, wanda ake yankawa a kan miya. Frikkie ya buɗe wayarsa ya tambaye ta sunan shukar da Swahili, waya ta ce dhania. Sai ya kira Mama Nyokabi mai kayan miya, da wannan Swahilin nasa mai kama da ana jan tebur, ya ce a kawo masa kilo biyar.

Ranar Litinin da hantsi ɗan acaɓa ya shigo da buhu biyu, ganye na leƙowa ta baki. Mama Nyokabi da kanta ta biyo shi a wani babur, don ta ga mutumin da zai cinye dhania kilo biyar.

Ta ce, "Bwana Frikkie, otal za ka buɗe ko zomaye kake kiwo?"

Ya buɗe buhu, ya dubi ganye, ya dubi takardar da ke hannunsa. Na leƙo ta saman shinge na ce, "Frikkie, 'ya'yan ake so, ba ganye ba. Je kantin Indiyawa ka ce busassu, rabin kilo ya ishe ka."

Da ni kaɗai ce, wataƙila da ya ji. Amma ga Mama Nyokabi, ga 'yan acaɓa biyu, ga mai gadi ya baro ƙofa ya matso. Sai kunnuwansa suka yi ja.

"Na sani mana. 'Ya'ya na malalata ne. Mu a Karoo ganye muke sawa, ɗanye shar."

Na ce, "Karoo, busasshen yankin nan na gida da ko ciyawa sai an roƙe ta take fitowa?"

"Kakana rijiya gare shi."

"Takardarka ba ta ce a soya har ya yi duhu ba?"

"Shi zan yi yanzu."

Ya kuwa yi. Ya fito da babban kasko tsakar gida, ya hura wuta, ya juye buhu guda. Ganye ya fara tururi, ya koma hayaƙi, hayaƙi ya cika harabar har jariran gida na huɗu suka hau tari. Mai gadi ya zo da guga cike da ruwa, ya tsaya yana shaƙa, sannan ya matsa kusa da Frikkie ya rage murya.

"Bwana, in ganyen nan irin wanda 'yan sanda ke nema ne, ka faɗa min tun yanzu in canza aiki."

Buhu ɗaya ya zama toka. Ɗaya buhun Frikkie ya ce dama shi ne na ainihi. Ya markaɗa shi da ruwa a injin markaɗen Ansie har injin ya fara warin ƙonewa, ya cika bokiti biyu da wani koren ruwa kamar gansakuka.

Ranar Talata na bi shi South C, don ni ma ina da cefane, kuma ina tsoron abin da zai faɗa wa mahaucin da na yi shekaru ina ganin mutuncinsa. Na yi niyyar yi masa tafinta, ya ɗaga min hannu. Ya faɗi kalmar da wayarsa ta ba shi da ƙarfi, ya ƙara da cewa mita arba'in. Mzee Athumani ya shige ciki ya fito da kwano cike da tumbi.

Frikkie ya ce, "Wannan ai tawul ne."

Mzee ya ce, "Kayan ciki ka ce. Ga kayan ciki. Sai dai ban taɓa sayar da shi da mita ba."

Frikkie ya fara kwatance, yana nuna cikinsa yana zana da'ira da yatsa, masu jiran layi suna kallo. Wata tsohuwa ta ce a ba shi kujera, ciwon ciki yake. Da na ga za mu wuni, sai na ce, "Mzee, hanji yake so, ƙaramin hanjin sa, guda cur."

Mzee ya ce akwai, na safiyar nan. Amma sai an juya cikinsa waje, a kankare shi da bayan wuƙa, a kwantar da shi cikin gishiri kwana uku. Ya ce Frikkie ya bar masa, Juma'a ya dawo ya karɓa a gyare.

Frikkie ya yi wata irin dariya. "Kwana uku don wanke bututu? Mzee, ruwa sana'ata ce. Minti uku."

Mzee ya dube ni. Na ɗauke kai na hau duba ƙashin miya.

Laraba da safe ina shan shayi na ji inji ya tashi. Na fito. Frikkie ya shimfiɗa hanjin a kan ciyawar tsakar gida, ya kai ya komo har sau shida, ya ɗaure bakinsa guda a bututun injin da ake shayar da kadada goma. Ansie na tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu.

Ta ce, "Frikkie, rage ƙarfin."

Ya ce, "Matso baya, masoyiya, aikin maza ne." Ya murɗa har ƙarshe.

Wallahi na ga abin da ban taɓa gani ba. Hanjin ya cika, ya miƙe, ya tashi daga ƙasa yana wutsil-wutsil kamar maciji ya sha duka. Ɗaya bakin da ba a ɗaure ba ya yi sama, ya zane Frikkie a fuska, ya feshe gilashin motarsa, sannan ya tsallake shingen baya ya sauke duk abin da saniyar ta ci a makonta na ƙarshe a kan shanyar Madam Wekesa. Madam Wekesa lauya ce, kuma ba ta shanya komai sai fari.

Ta fito da takalmi a ƙafa ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Mista Swanepoel, mene ne wannan a kan zanin gadona?"

Yana share ido ya ce, "Ciyawa ce kawai, Madam. Saniya ba ta cin komai sai ciyawa."

"Ciyawar da ta riga ta bi ta cikin saniya, sunanta ya canza."

"Zan aiko a wanke."

"Kai za ka wanke. Da hannunka, a nan, ina kallo ta taga."

Haka ya wuni a tsugune gaban baho, gajeren wando ya jiƙe sharkaf. Amma kada ku ce jikinsa ya yi sanyi. Da yamma ya kira ni bakin shinge ya nuna min hanjin. Ko'ina bai tsage ba. Ya ce, "Kin gani? Abin da ya jure wa injina, wuta ce za ta gagare shi?" Na ce kankarewa fa, da gishiri? Ya ce wannan camfin mahautan da ba su da inji ne.

Ranar Alhamis aka kawo niƙaƙƙen nama. Ya juye koren ruwan nan bokiti biyu a ciki, ya cuɗa da hannu har gwiwar hannu. Ba shi da injin ɗuri, don haka ya ƙera nasa: faffaɗan bututun roba, da katako a ciki, da jak ɗin mota yana turawa. Na shiga kicin ɗinsu da sunan aron gishiri, na tarar da Ansie tana kallonsa ta taga.

Na ce, "Kakan nan nasa mahauci, kin san shi?"

Ta ce, "Na san shi. Ma'aikacin gidan waya ne, ko kaza bai taɓa yankawa ba."

"To mahaucin fa?"

"Babana ne, a Upington. Tun ina 'yar shekara tara nake ɗuri. Frikkie ya ji labaran sau da yawa har ya manta ba nasa ba ne."

"Kuma kika zuba masa ido?"

"Sau uku na yi magana, Anti. Na huɗu na bar wa wuta."

Ta leƙa ta ce masa ya bar sako-sako, nama yana buƙatar wurin motsi. Ya ce wors mai sako-sako na ragwaye ne, ya ƙara danna jak. Sai da ya ɗura shi tam kamar tayar keke, ya naɗe a kan tsohuwar ƙofa, ya kawo ma'auni ya gwada. Mita talatin da takwas. Ya ce biyun sun shige cikin lanƙwasa.

Sai maganar ajiya. Firji bai ɗauka ba. Ansie ta miƙo wuƙa ta ce a raba shi gida takwas, ta rarraba a firjin maƙwabta. Frikkie ya kare abinsa da jiki kamar za a yanka masa ɗa. Igiya ɗaya ya yi alkawari, igiya ɗaya zai kai. Ya kwantar da shi a bahon wanka, ya zuba ƙanƙara, ya kulle bayin da makulli don kada wata ta shiga da wuƙa. Washegari aiki ya kira shi garin Naivasha, ya tafi da makullin a aljihu, bai dawo ba sai Asabar da azahar. Ƙanƙara dai ba ta san an kulle ta ba. Kyanwoyin harabar sun taru a ƙarƙashin tagar ranar Juma'a, ranar Asabar ko ɗaya ba ta zo ba. Na tambaye shi warin da nake ji, ya ce ba wari ba ne, nuna yake yi.

Lahadi da rana lambun Baba Zwane ya cika. Tebura sun sha salak da tuwon masara da miyar tumatir, ga burodi an tsaga an jera yana jiran wors. Yara sun yi layi tun kafin a kira su. Garwashi ya yi jawur a cikin rabin ganga biyu da aka haɗa. Sai ga a-kori-kura ta shigo da baya, maza huɗu suka sauko da ƙofar a kafaɗa, Frikkie na gaba cikin sabuwar rigar girki da aka rubuta sunansa a ƙirji. Ya yaye mayafin da ke kai. Aka fara tafi, tafin ya mutu a hanya.

Baba Zwane ya zo cikin farar rigarsa ta kowace shekara. Ya sunkuya, ya ɗan shaƙa, ya ja da baya taki ɗaya.

"Wannan launin fa?"

"Irin na Karoo ne, Baba."

"Ya kumbura."

"Lafiya ce ta yi masa yawa."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Amma ya riga ya yi magana a gaban mutane, kuma shi ba ya lashe abin da ya tofar. Ya ɗago awartakin, dogo, baƙi, mariƙinsa ya sha hannu har yana ƙyalli.

Ya ce, "Ka ji doka tun da wuri. Awartaki ba a aronsa, ba a ajiye shi a ƙasa ko a tebur muddin wuta na ci. Wanda ka miƙa wa a gaban wuta, nasa ne, kamar yadda yake zama naka yanzu."

Frikkie ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga sama, ya ce a ɗauke shi hoto. Ya yi jawabi a kan kakansa da rijiyarsa. Sannan aka sulale wors ɗin daga ƙofa zuwa kan ragar wayar gashi, ya kwanta a kan wuta.

Minti biyu ba abin da ya faru sai ƙara. Daga nan ya fara fito, siriri, kamar buta ta tafasa. Ya ƙara kumbura. Kaurinsa ya kai damtsena, fatar ta yi sheƙi har kana hango kore yana zagayawa a ciki.

Na ce, "Frikkie, huda shi."

Kowa ya juyo yana kallona. A wurinmu ba a huda wors, ko yaro ya sani, don romon zai tsiyaye. Wata ta dafe ƙirji. Frikkie ya juyo yana murmushin tausayi.

"Haba Anti, a gaban yara?"

"Huda shi, ko ka matsar da yaran."

Ansie ta kama hannun yara biyu na gaba ta ja su baya, layin duka ya bi ta. Frikkie ya kai awartaki zai juya shi.

Daga tsakiya ya fara. Fat. Sai na kusa da shi, fat, fat, yana bin naɗin yana zagayowa waje, kowace lanƙwasa da tata ƙarar. Koren nama mai zafi ya yi sama ya dawo kamar ruwan sama. Ya sauka a salak, ya sauka a burodi, ya sauka a gashin matan da suka sha gyara tun jiya. Mazan da suka kewaye wuta suka watse, wani ya faɗa cikin bokitin lemo. Romon ya kashe rabin garwashin, tururi ya tashi, sannan warin ya iso. Ba zan kwatanta muku warin ba, ina son ku ci abinci yau.

Da hayaƙi ya lafa, mutum biyu ne kawai a tsaye a bakin wuta. Frikkie, da Baba Zwane wanda bai motsa ko taki ɗaya ba, farar rigarsa ta koma rigar 'yan ƙwallo. Ya cire tabarau, ya goge da gefen da ya rage fari, ya mayar.

Frikkie ya laluba cikin ɓarnar ya ɗago wani guntu kamar kamu ɗaya da bai fashe ba. Ya ce, "Ga shi. Dama na gefe ya fi daɗi. Wa zai fara?"

Baba Zwane ya ce, "Mai awartaki ke fara ɗanɗanawa."

Mutum sittin da 'yan kai na kallonsa, wato ido sama da ɗari da ashirin. Ya yanka, ya sa a baki, ya tauna. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya yana shawara, sannan ya sauka.

"Kamar a gida," in ji shi, da wata 'yar siririyar murya da ban san yana da ita ba.

"Ƙara mana. Kada kunya ta hana ka."

Ya ƙara. Ansie ta matso kusa da kunnena ta ce, "Da safe ya soya taƙi guda ya cinye don ya ƙaryata ni. Tun a mota yake gyara zama."

Sai cikinsa ya yi magana. Ba ƙaramar magana ba, har na bayan tebur sun ji. Gumi ya keto masa, fuskar ta tashi daga ja ta koma launin abin da ya dafa. Ya haɗe gwiwoyi.

Baba Zwane ya ce a hankali, "Bayi yana bayan kicin, ƙofa ta biyu. Sai dai awartaki ba ya shiga bayi."

"Lafiyata ƙalau, Baba."

"Madalla. To ga haƙarƙarin rago can, ga kaji, mutane na jin yunwa. Awa biyu ka gama."

Frikkie ya dubi tebur, ya tuna doka. Ya dubi ƙasa. Mazan da suka gudu ɗazu duk sun dawo, sun kewaye shi, kowa ya miƙo hannu yana murmushi.

Wani ya ce, "Kawo in taimake ka, ɗan'uwa."

Wani ya ce, "Ni na fi kusa."

Ya rungume awartakin a ƙirji yana juyawa a tsakiyarsu a kan yatsun ƙafa. Ya fara cewa a zamanin kakansa, bai ƙarasa ba, cikin ya sake magana, wannan karon da alamar gargaɗin ƙarshe. Ya waiga yana neman hannun da a ganinsa ba ya cikin lissafi, ya hango matarsa.

"Ansie, riƙe min."

Ya danƙa mata, ya zura da gudu, gwiwa a haɗe, safa ɗaya ta zame. Muka ji ƙofa ta biyu ta bugu.

Ansie ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi Baba Zwane.

Ya ce, "Da hannunsa, a gaban wuta. Akwai wanda bai gani ba?"

Kowa ya gani. Masu miƙo hannu suka mayar da hannuwansu aljihu ɗaya bayan ɗaya. Ansie ta ɗaure gashinta, ta taka zuwa bakin ganga, ta kaɗa awartakin sau biyu, ƙas ƙas, yadda duk mai gashi ke yi kafin ya fara. Ta ce a kankare wayar nan a ƙone ta da kyau, a kawo sabon gawayi, a binne abin da ya rage nesa da rijiya. Ta sa tafin hannu a saman garwashi ta ce bai yi ba, maza goma suka tsaya suna jira, ba wanda ya ba ta shawara.

Tana jera haƙarƙari sai wata 'yar taga ta buɗe a bayan kicin. Muryar Frikkie ta fito a shaƙe.

"Ansie, riƙe min kawai na ce fa."

Ba ta ko waiga ba. Ta juya nama ta ce, "Na ji. Ina riƙe."

Bana shekara huɗu ke nan, ba ta ajiye ba.